Yadda za ka gane ma'aikacin lafiya a cikin sojoji ta alamomin da ke jikinsa

Wata damina da ta wuce na rako ɗan maƙwabcinmu da harsashi ya same shi a cinya yana cikin gona. A bayan a-kori-kura muka shimfiɗa shi muka nufi Gusau. Kafin mu ci rabin hanya zanen da uwarsa ta ɗaure masa ya jiƙe sharkaf, sai ga shingen sojoji a gabanmu. Na dira na nufi wanda na ga ya fi kowa kaya a jiki, ina ta faɗin "Yallaɓai, don Allah likita, yallaɓai jini ne." Shi bai jin Hausa sosai, ni kuma ruɗewa ta hana ni haɗa Turanci. Mintoci suka tafi a haka, alhali wanda nake nema yana zaune a gindin bishiya, bai fi taku goma daga inda nake ba, da jaka a gefensa mai ɗan ƙaramin kuros, almakashi soke a ƙirjin rigarsa. Da ya hango jinin shi ya taso da kansa. Yaron ya rayu, Alhamdu lillahi, amma har yau ina tuna mintocin nan da na ɓatar don ban iya karanta abin da ke gaban idona ba.

Mu a Zamfara soja ya zama maƙwabci. Birged ta 1 tana Gusau, Runduna ta 8 da ke kula da yankinmu tana Sakkwato, ga sansanoni a ƙananan hukumomi, ga lokutan da sukan fito su duba marasa lafiya kyauta a filin makaranta ko ƙofar fada. Sanin wane ne mai magani a cikinsu ya zama ilimin da kowane direba, ɗan acaɓa, malamin makaranta da mai unguwa ke bukata. Ga yadda nake bi yanzu, daga abin da ido ke fara kamawa.

Mataki na farko: dubi damtsen hagu

Alamar da ta fi kowace nauyi ita ce farin ƙyalle da aka ɗaura a damtsen hagu kamar kambu, da jan kuros a tsakiyarsa. Yarjejeniyar Janeba ta 1949, wato dokokin yaƙi da ƙasashen duniya suka amince da su, ita ce ta tsara haka dalla-dalla: a hannun hagu za a ɗaura shi, ya zama wanda ruwa ba ya lalatawa, kuma hukumar soja ce za ta bayar da shi da hatiminta a jiki. Wanda ya ɗaura shi yana shaida wa kowane ɓangare cewa aikinsa jinya ne kawai, don haka haramun ne a kai masa hari, shi ma haramun ne ya shiga faɗa. An yarda ya riƙe ƙaramin makami don kare kansa da majinyatansa, saboda haka ganin bindiga a jikinsa bai soke alamar ba. Ƙarin yarjejeniyar da aka yi a 1977 ya tabbatar da wannan kariya har a rikicin cikin gida.

Abu biyu za ka tabbatar: kuros ɗin ja ne, filin da yake kai fari ne. Koren kuros na shagon magani ne. Farin kuros a kan koren akwati alamar kayan taimakon gaggawa ce kawai. Babu ɗayansu da ke ɗauke da kariyar doka.

Na san abin da ke zuwa a ran mutanenmu idan sun ga kuros, domin na sha jin tsofaffi suna cewa ai wannan na coci ne, har wata baiwar Allah ta taɓa ƙin shiga tanti da jikarta mai zazzaɓi saboda shi. Asalin alamar daga ƙasar Suwizalan ne. Wani ɗan kasuwar ƙasar, Henri Dunant, ya ga dubban sojoji yashe da raunuka babu mai kula da su bayan yaƙin Solferino a 1859, ya dage har aka kafa kwamitin agaji a 1863, aka kuma sa hannu a yarjejeniyar farko a 1864. Tutar Suwizalan farin kuros ce a kan ja, alamar agajin kuma jan kuros a kan fari. Duk da haka Daular Usmaniyya ta ga sojojinta ba su natsu da ita ba, sai ta koma jan jinjirin wata a yaƙinta da Rasha na 1876 zuwa 1878, aka kuma amince da shi a hukumance a 1929. Duk wanda ya je aikin Hajji ya ga wannan jinjirin watan a jikin motocin asibiti a Mina da Arfa. A 2005 aka ƙara ta uku, jan murabba'i da aka tsayar a kan kusurwarsa, cikinsa fari, don ƙasashen da ba su son ko ɗaya daga cikin biyun. Ma'anarsu ɗaya, darajarsu ɗaya a doka. Najeriya kuros take amfani da shi, haka maƙwabtanmu Nijar da Benin, kuma mai ɗaure da shi yana iya zama Musulmi ɗan Talata Mafara da ya yi sallar asuba a sahu ɗaya da kai.

Sai dai kada ka dogara da kambun nan shi kaɗai, domin a dajinmu sau da yawa ba za ka gan shi ba. Fari da ja daga nesa ake hango su, kuma ɗan bindiga bai san wata yarjejeniya ba. Kwamanda yana da ikon ya ce a cire ko a rufe alamar idan za ta jawo hari. Ba mu manta da Saifura Hussaini da Hauwa Liman ba, ungozomomi masu aiki da kwamitin Red Cross na duniya, da aka sace a Rann a jihar Borno aka kashe su a 2018. Inda ba a ganin girman alama, mai ita yakan ɓoye ta. Abin da za ka fi cin karo da shi shi ne ɗan ƙaramin kuros mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa, a manne a hannun riga ko a jaka, wani lokaci da rubutun MEDIC ko MED. Wannan ba ya ba shi kariyar doka, amma yana gaya maka aikinsa, kuma a lokacin da jini ke zuba abin da kake nema ke nan.

Mataki na biyu: nemi maciji a bajon hula ko wuyan riga

Kowane sashe na soja yana da bajonsa, kuma na sashen lafiya a kusan duk duniya maciji ne naɗe da sanda. Iri biyu ne, ya kamata ka san su duka.

Na farko sanda ce guda, maciji ɗaya ya naɗe ta, babu fukafuki. Ana jingina ta ga Askilibiyos, wanda tsoffin Girkawa ke dangantawa da warkarwa, kuma ita ce a tsakiyar tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Sashen lafiya na sojan Ingila, wanda aka kafa a 1898, ita ya sa a bajonsa, kewaye da ganye, da kambin sarauta a sama, kuma rundunoni da yawa da suka gaji tsarin Ingila sun bi wannan salon. Wasu masana suna ganin asalin hoton daga kurkunu ne, yadda ake naɗe tsutsar a jikin ɗan tsinke ana janyo ta a hankali kwana da kwanaki. Wanda ya girma a ƙauyukanmu kafin a kawar da cutar, wadda aka tabbatar wa Najeriya ta rabu da ita a 2013, ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya ga tsinken nan a ƙafar wani nasa. Ni wannan fassarar ta fi kwanta mini, kuma ita nake ba duk wanda ya tambaye ni ko macijin tsafi ne.

Na biyu sanda ce mai fukafukai biyu a sama, macizai biyu sun naɗe ta suna fuskantar juna. A asali alamar fatauci da aike ce a wurin Girkawa, amma sojan Amurka ya ɗauke ta a 1902 ya mai da ita ta likitocinsa, daga nan ta bazu har ta cika allunan asibitoci masu zaman kansu a garuruwanmu. Amurkawa sukan ɗora harafi a kanta don bambanta aiki: N na nas, D na likitan haƙori, V na likitan dabbobi, wadda ba ta da harafi kuma ta likita ce. Idan ka ga irin wannan a hoto ko a jikin baƙon soja da ya zo horaswa, ka san karatunsa.

Ko ɗaya ka gani ko biyu, a hula, a wuyan riga ko a allon ƙofar wani gini a bariki, sashen lafiya ne. Amma ka riƙe bambancin nan: maciji yana nuna sana'a, jan kuros a kan fari yana nuna kariya. Akawun da ke rubuta sunaye a asibitin soja ma yana iya sa bajon maciji, tunda ɗan sashen ne, alhali bai iya ɗinke rauni ba.

Mataki na uku: dubi kayan da yake ɗauke da su

A fagen aiki, inda kowa ke sanye da hular kwano da rigar sulke, bajo ba ya fitowa. Nan kaya ne ke tona mutum. Mai jinya yana da jaka babba dabam da ta sauran, mai aljihuna da yawa. Za ka ga almakashi mai lanƙwasasshen baki soke a gaban rigarsa, safar hannu ta roba, naɗin filasta rataye, alƙalamin maka, da baƙin bel mai ɗan sanda a jiki wanda ake murɗawa a tsayar da jini a hannu ko ƙafa. Soja na gari yana iya ɗaukar bel ɗaya don kansa, mai jinya yakan ɗauki da yawa. Wanda ya ceci ɗan maƙwabcina almakashin ne ya kamata ya nuna mini shi tun daga nesa.

Akwai wani ɗan ƙyalle da ke ruɗar mutane, mai rubutu kamar O POS ko A POS ko B NEG. Rukunin jinin mai rigar ne, an manna don idan ya ji rauni a san irin jinin da za a ƙara masa. Kowane soja na iya sa shi.

Mataki na huɗu: karanta muƙami

Mu kowa da ke ba da magani likita muke ce masa, kuma ba laifi, amma sanin matsayinsa zai nuna maka abin da zai iya yanke hukunci a kai. Muƙaman sashen lafiya iri ɗaya ne da na sauran sojan ƙasa. Masu igiya su ne ƙananan ma'aikata: igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saja. Yawancin masu jinyar da za ka tarar a shinge ko ƙaramin sansani daga cikinsu suke, kuma kada ka raina su, domin a ɗaure rauni da tsayar da jini da sa ruwa hannunsu ya faɗa. Hafsoshi kuma anini suke ɗauka: ɗaya ƙaramin laftanar, biyu laftanar, uku kyaftin. Mikiya ita kaɗai manjo ne, mikiya da anini ɗaya laftanar kanar, da biyu kanar, da uku birgediya janar. A kayan fita a kafaɗa ake sa su, a kakin daji kuma sau da yawa a wani ɗan ƙyalle ne a ƙirji ko wuyan riga, da launi mai duhu, sai ka matso za ka gani.

Cikakken likita hafsa ne, ba za ka gan shi da igiya ba. Amma ba duk hafsan sashen lafiya ne likita ba, akwai nas, akwai mai haɗa magunguna, akwai na ɗakin gwaji, akwai mai gudanarwa. Idan maganar ɗaukar majinyaci a motar soja ce ko shigar da farar hula ɗakin shan magani na bariki, wannan izini ne na shugaban wurin, ko da ba ɗan sashen lafiya ba ne. Ka kai rauni wurin mai jaka, ka kai roƙo wurin mai anini. A sojan ruwa kuma likita kalmar Surgeon ake sa wa a gaban muƙaminsa, za ka gan ta a allon ofis ko a takarda.

Mataki na biyar: jan da ba na lafiya ba

Ido yakan ruga wurin ja, shi ya sa nake ware wannan. Jar hula a sojan ƙasa ta 'yan sandan soja ce, masu rubutun MP a hannu, aikinsu ladabtarwa da tsaron ƙa'ida. Jan ƙyalle a kwalar riga na manyan hafsoshi ne daga kanar zuwa sama. Farar tuta zalla alamar neman tattaunawa ko miƙa wuya ce. Shuɗin tauraro mai rassa shida da maciji a tsakiya, wanda ke jikin motocin asibiti da yawa, alamar agajin gaggawa ce ta farar hula da ta samo asali daga Amurka.

Ƙungiyoyin agaji ma a bambanta su da soja. 'Yan Red Cross ta Najeriya suna sa kuros tare da sunan ƙungiyarsu a rubuce. Kwamitin Red Cross na duniya kuros ɗinsa yana cikin da'ira da rubutun Faransanci mai ɗauke da sunan Janeba. Likitocin MSF, da muka sani tun bala'in gubar dalma ta 2010 a yankin Anka da Bukkuyum, ba su amfani da kuros, tambarinsu zanen mutum ne da jan layuka kamar yana gudu, kuma motocinsu suna ɗauke da hoton bindiga da aka soke, ma'ana ba a shiga da makami. Duk waɗannan ba sojoji ba ne, kada ka je musu da maganar tsaro, kada kuma ka yaɗa cewa tare suke da soja, domin irin wannan maganar tana iya jawo musu hari.

Mataki na shida: mota, tanti da gini

Motar asibitin soja takan zama launin sauran motocinsu, abin da ya bambanta ta shi ne farin fili mai jan kuros a gefe, a baya da kuma a rufi don jirgin sama ya gani. Ƙa'idar ita ce alamar kariya ta zama babba, ba tare da wani rubutu ya cakuɗe ta ba, ƙaramar alama mai suna a gefe kuma tana nuna mallaka ce kawai. Rubutun AMBULANCE da ake juyawa a goshin mota don direban gaba ya karanta a madubi ne. A bariki, haruffan MRS a jikin allo suna nufin ƙaramin wurin karɓar marasa lafiya, daga nan ake tura mai tsanani babban asibiti, kamar asibitin soja na 44 da ke Kaduna. Motar da ke da wannan alamar doka ta hana ta ɗaukar harsasai ko mayaƙa masu lafiya. In ka ga ayarin sojoji kana da mara lafiya, ita za ka nuna da hannu, amma kada ka tare gaban ayari, ka tsaya gefe inda za a gan ka da hannuwanka a fili.

Mataki na bakwai: haɗa alamomi, saboda sojan gona

Wannan ya fi damuna. Kowa a Zamfara ya san 'yan bindiga suna sa kakin soja, kuma ƙyalle mai kuros tela na kasuwa zai ɗinka shi cikin minti goma. Amfani da alamar nan don yaudara babban laifi ne a dokar yaƙi, amma mai satar mutane ba ya tsoron wannan. Don haka alama ɗaya ba ta isa shaida ba. Ka dubi mutum gaba ɗayansa: sunansa a ƙirji, rubutun rundunarsa, muƙami a inda ya dace, takalmin soja, da kuma waɗanda yake tare da su. Kaki a sama da silifas ko takalmin roba a ƙasa, rawani a maimakon hula, riga da wando kala dabam-dabam, duk abin tsayawa ne. Ma'aikacin lafiya na soja ba ya yawo shi kaɗai a kan babur yana shiga ƙauye, ba ya sayar da magani, ba ya cewa a tara mata da yara a bayan gari. Idan sojoji za su yi aikin duba marasa lafiya, sanarwa takan biyo ta hannun sarki, hakimi ko ƙaramar hukuma, a fili ake yi, da rana. Wanda ya zo ba ta wannan hanyar ba, a sanar da mai gari kafin kowa ya fita. Yarjejeniyar Janeba ta tanadi katin shaida na musamman ga ma'aikacin lafiya, mai hotonsa da hatimi, amma ba kai za ka tsaya tambayar mai bindiga kati a daji ba, wannan aikin hukuma ne.

Mataki na takwas: in ka same shi, da alamomin da zai sa wa majinyacinka

Ka matso a hankali, ka yi sallama, "Yallaɓai" ko "Oga" ya wadatar, mace kuma "Madam" ko "Hajiya". Kalmar "medik" kowane soja ya san ta ko bai jin Hausa, ka faɗe ta ka nuna raunin. Ka ba shi abu uku a taƙaice: me ya faru, ƙarfe nawa, me aka riga aka yi. In an ba majinyacin wani magani ko an zuba wani abu a raunin, ka faɗa, kada ka ɓoye don kunya. Waya ta zauna a aljihu, ɗaukar hoto a shinge yana jawo fitina.

Idan ya ɗaura bel ɗin tsayar da jini, zai rubuta lokaci a jikinsa, wani lokaci ya rubuta harafin T da lokacin a goshin majinyaci. Lokacin da salon soja ake rubuta shi, 1430 na nufin biyu da rabi na rana. Kada ka goge rubutun, kada ka rufe bel ɗin da zane, kada ka sassauta shi ko da yaron yana kuka yana roƙonka, domin yana da zafi ƙwarai kuma haka ya kamata ya kasance. Likitan da zai karɓe shi a asibiti da wannan lokacin zai yi lissafi. In mutane da yawa ne suka ji rauni, za ka iya ganin ana rataya musu kati ko ƙyalle mai launi: ja a duba shi yanzu, rawaya zai iya ɗan jira, kore yana iya tafiya da ƙafarsa, baƙi kuma wanda ya rasu ko wanda babu sauran abin yi a kansa. In an ba naka kore aka wuce wurin wani, ba wulaƙanci ba ne, ka zauna kusa da shi, ka lura, in ka ga numfashinsa ya canza ko ya fara suma ka kira a sake duba shi. Duk takardar da aka maƙala masa ka tabbatar ta isa asibiti tare da shi, ka miƙa ta hannu da hannu ga wanda ya karɓe ku a ɗakin gaggawa.